Ranar da Taɓarya ta Kuɓuce wa Zara

Har yau ranar nan ba ta fita daga raina ba, ranar da taɓarya ta kuɓuce wa ƴata Zara a barikin soja na Damagaram. Ku da kuke zuwa aiki da ƴan matanku, ku nake so ku ji.

Zamanin Nasara ne, ina da ƙarfina. Mu ke daka wa soja gero. Da safe sarjan, wato sojan da ke riƙe da rumbu, ya auna mana hatsi. Mu surfa, mu sheƙe, mu wanke, mu dake, mu tankaɗe, kafin la'asar mu miƙa gari. Ladarmu dusa da ɗan abin tuwo, kuma da kason Zara tukunyarmu ke cika. Shugabarmu Iya Gambo ce, tsohuwa Babarbariya mai baki.

Zara ce ta biyu a ƴaƴana. Shekarar ta fara tasawa, damina guda ta yi tsawo har ta wuce ni. Ran nan muna cikin daka sai ta saki taɓarya, ta dafe ƙugu, ta tsuguna. Ashe ta daɗe tana ɓoye ciwon baya.

Sarjan ya zo ya tsaya a kanta. Ya ce, "Wadda ba ta iyawa ta koma gida, akwai masu jira."

Iya Gambo ta ce a kira wanzami ya yi mata ƙaho. Na ce, "Iya, a yi mini haƙuri tukuna, in duba."

Kashegari na ɗauki rariya na zauna inda nake ganinta. Abu na farko, turminta na ƙuruciya ne. Ita ta yi tsawo, shi yana nan yadda yake, duk bugu sai ta karya baya kafin ta kai ƙasa. Na biyu kuwa sai da hantsi na lura. Wurin dakanmu bakin hanyar rijiya yake. Da zarar soja sun doso, sai ta tattaro kafaɗu, ta dunƙule ƙirji, ta sunkuya, a haka za ta yi ta daka har su wuce. Wasu na wucewa wasu na zuwa. Kunya ce ta tanƙwara mini yarinya.

Maganar ta fi ƙarfin bakin uwa. Iya Gambo na raɗa wa. Ta aika aka kawo zana, muka kewaye wurin.

Sarjan ya taso. "Wa ya sa ku? Ta ina zan ga aikin?"

Iya ta ce, "Ɗana, gari kake so ko kallo? In gari ne, zo da la'asar ka auna. In kallo ne, ga ni nan, ni ma ba mijin gare ni ba."

Mata suka kwashe da dariya. Shi ma ya dara, ya juya. Zanar ta zauna.

Muka tara ƙasa muka daɓe, muka ɗora turmin a kai, na ba ta doguwar taɓaryata. Iya ta ce kada ta wuni a aiki ɗaya: in ta yi daka, ta koma tankaɗe, ta tashi ta taka ta kai dusa. Turmi kuma a mirgina shi, in ɗagawa ce a durƙusa da gwiwa. A gida nakan gasa mata bayan da tsumma da ruwan ɗumi, in shafa man kaɗe.

Ciwon bai tafi rana ɗaya ba, a hankali ya yi ta sauka, kuma ba a sallame ta ba. Wata safiya Iya ta ɗaga kai ta dube ta tsaye sak tana luguden daka. Ta ce, "Ke kishiyar giginya! Ashe duk wannan tsawon kika naɗe kika ɓoye mana?"

Zara ta ce, "Kaka, ke dai ki matsa, kada in taka ki ban gani ba."

Abin da aikin ya koya mini ke nan. Yarinya mai tasawa jikinta na sauyawa, kayan aikinta ba su sani ba, bakinta kuma ba zai faɗa ba. In ta ce bayanta, kafin ku nemi magani ku ajiye abin hannunku ku dubi yadda take tsayuwa. Ku kuma dubi waɗanda ke dubanta.