Tukunyar Rinin Maƙwabciyata

Shekarar da rikici ya tashi a Kafanchan, maƙwabciyata Musulma, tsohuwa mai rini, ta gudu Kachia. Da za ta hau mota ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, ki riƙa motsa mini tukunyar baba kowace safiya. In aka bar ta, mutuwa take yi."

Na yi ta motsa ruwan rinin ina ƙara toka, har farcena ya yi shuɗi. A coci wasu mata suka kalli hannuna, suka gane aikin Musulma nake yi, suka daina gaishe ni. Da damina ta faɗi, kumfa ta daina tasowa, na san tukunyar ta mutu. Ban zubar ba. Na rufe ta da faifai, kada tsohuwar ta dawo ta ce ban jira ta ba.