Minti Ukun Malam Gyara

Shagon Malam Gyara bai wuce taku huɗu ba, amma tun daga bakin titi za ka ji shi kafin ka gan shi. Shekara talatin da ɗaya yana gyaran rediyo a nan, tsakanin shagon Tela da wani kantin taya, kuma yana da doka guda wadda ko zazzaɓi bai taɓa sa ya karya ba. Duk rediyon da ya gyara sai ya wuni cur yana magana a kan katakon da ke jikin bango kafin a miƙa wa mai shi. Tasha ɗaya yake kamo musu gaba ɗaya, don in wani ya shaƙe ko ya fara ƙugi kunnensa ya tsinto shi cikin 'yan'uwansa. Baƙo yakan fito da ciwon kai. Shi kuwa Malam Gyara ya saba har ya daina jin su, a wurinsa wannan hayaniyar ita ce shiru.

Yadda yake da rediyo haka yake da siyasa. Ranar zaɓe shi ne na farko a layi, da rigarsa mai guga, kuma duk ɗan takarar da ya ce zai mayar da ƙasa sabuwa fil cikin kwana ɗari ya rasa ƙuri'arsa ke nan. Wanda ya ce komai lafiya lau ma bai tsira ba, Malam Gyara yakan ce a kai shi a duba masa kunne. Shi dai a gyara abin da ya lalace, a bar mai aiki ya ci gaba da aikinsa, wanda ya faɗi zaɓe kuma ya taya wanda ya ci murna ko da ransa na tafasa. In aka zo batun ƙasashen waje sai ya ajiye sukudireba ya gyara zama. A yi ciniki da manyan ƙasashe, in ji shi, a yi musu fara'a, amma kada a damƙa wa ko ɗaya makullin gida. Maƙwabta kuwa ba a rufe musu iyaka don an yi cacar baki, tunda gobe ma suna nan inda suke, ba tashi za su yi ba. Tela yakan ce da za a ba Malam Gyara mulki, sai an shekara ana shawarar inda za a ajiye kujera.

To, mutumin nan mai wa duniya wa'azin a bi a hankali, sau ɗaya bakinsa ya riga hankalinsa, kuma sau ɗayan ya ishe shi. Yana da ƙane mai walda, kowa Auta yake ce masa ko da yake ya ba hamsin baya. A zaɓen da ya wuce Auta ya bi masu cewa a share kowa da komai, a rufe iyaka, a fara daga farko. Wata Asabar suna zaune a tsakar gida gardama ta yi zafi, sai Malam Gyara ya ce masa, a gaban 'ya'yan Auta, har da surukinsa na zaune, "Kai har yanzu ƙuruciya ke damunka." Auta ya sa takalminsa ya fita. Shekara huɗu ke nan ba ya zuwa, ba ya ɗaukar waya, in sun haɗu a wurin jana'iza ya miƙa hannu yana kallon wani wuri.

Abu ɗaya Malam Gyara ya sani tabbas: ƙarfe huɗu na yamma Auta yakan kashe injin walda ya saurari shirin da masu sauraro ke faɗin ra'ayinsu. Tun suna samari bai taɓa fashi ba. Don haka Malam Gyara ya shiga rubuta wa shirin wasiƙa duk mako, kan haraji, kan iyaka, kan jakadu, da kyakkyawan rubutunsa. Ba a taɓa karanta ko ɗaya ba. Yana cewa don ƙasa yake yi, amma kowa a gidan ya san kunne ɗaya yake nema.

Ana saura kwana tara zaɓe, wata mata ta bugo daga gidan rediyon ta ce gobe da huɗu da rabi za su kira shi kai tsaye, an ba shi minti uku. Ta ce ya tabbata ya rage muryar rediyo idan an kira. Ya ce to, to, to, bai ma san me yake amsawa ba. Yana ajiye waya ya fito titi da ƙarfen liƙi a hannu, ya gaya wa Tela, ya gaya wa mai taya, ya tare wani mai babur da bai taɓa gani ba ya gaya masa. Kafin magariba ya cika shafi shida.

Ya karanta wa matarsa tana tsintar wake. Ta saurara har ƙarshe, ta dubi agogon bango.

"Malam, minti ashirin da biyu ka yi."

"Zan yi sauri."

"Kai? Yaushe ka fara?" Ta ture tiren gefe. "Duk shafi shidan nan layi ɗaya kake son faɗa, shi ne kuma ba ka rubuta ba."

Ya yi kamar bai ji ba, ya tambaye ta ina farar rigarsa.

Washegari ya zo shago da farar riga da hula sabuwa, har da turare. Tela ya leƙo ya ce bai san ana jin ƙamshi ta waya ba. Kafin huɗu shagon ya cika, wasu a ƙofa, wasu a kan tayoyin maƙwabci. Rediyo goma sha huɗu ne a kan katako ranar, duk suna kan gwaji, duk suna kan tashar. Tela ma ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ƙara musu murya don na waje su ji. Malam Gyara bai lura ba, kuma ko ya lura, wa ya taɓa kashe rediyon da ke kan gwaji?

Waya ta yi ƙara. Ya miƙe tsaye, ya gyara hula. Mai gabatar da shirin ya ce ga wani dattijo mai gyaran rediyo a kan layi, bismillah.

"Assalamu alaikum," in ji Malam Gyara.

Abin da bai sani ba, duk shekarunsa a cikin hanjin rediyo, shi ne magana takan ɗan jinkirta kafin ta fito a akwati. Yana buɗe baki zai shiga shafin farko sai ya ji wata murya mai kauri, ta wani dattijo mai natsuwa, ta yi sallama daga bango. Bai taɓa jin muryarsa daga waje ba. Ya ɗauka wani baƙon aka haɗa su da shi.

"Wa alaikumus salam," ya amsa da ladabi.

Can dattijon ya amsa shi ma. Malam Gyara kuwa ko a gardamar shago ba ya katse mutum, balle babba, balle duniya na ji. Ya yi shiru yana jira. Dattijon ma ya yi shiru.

"Muna jin ka, Malam," in ji mai gabatarwa.

"A'a, bari ya gama tukuna. Da alama ya girme ni."

Dattijon ya ce a'a, bari ya gama tukuna, da alama ya girme shi. Malam Gyara ya ji daɗin wannan tarbiyya har ya ɗan rusuna wa bango. Tela ya gane abin da ke faruwa, amma dariya ta riƙe masa wuya, sai nuni yake da hannu yana dukan cinya. Mai taya ya zame daga kan taya.

"Malam, lokaci na tafiya. Mene ne ra'ayinka kan rufe iyaka?"

"Ni dai ra'ayina, a bi a hankali, kada a rufe."

Da ya ji dattijon ya faɗi haka kalma da kalma, fuskarsa ta washe. "Madalla. Ashe ba ni kaɗai ba ne. Wannan bawan Allah ya san abin da yake faɗa."

Don ya ji mutumin kirkin nan da kyau sai ya matsa kusa da katako da wayar a kunne. Nan take rediyo goma sha huɗu suka kwarma wani ƙugi mai tsinin gaske, har kajin bayan shago suka watse. Mai gabatarwa ya ce cikin sauri an samu tangarɗa, minti uku sun cika, za a ɗauki mai kira na gaba. Sai a lokacin Tela ya samu numfashin cewa, "Kai ne fa. Da kanka kake gaisawa."

Malam Gyara ya dubi bango, ya dubi shafi shidansa. Shekara huɗu yana jiran minti ukun nan, ya kuma ƙarar da su yana ba kansa girma. Kunya ta rufe shi, amma baƙin cikin ya fi kunyar yawa.

Sai wata murya ta fito daga rediyoyin, busasshiya, mai saurin magana.

"Ni mai walda ne. Wancan da ya gama gaisawa da kansa yayana ne. Kada ku yanke layinsa. Ku ce masa ya kashe rediyoyin da ke kan katako, na san sun fi goma. Minti ukuna na ba shi biyu, ya faɗi abin da zai faɗa, ko da yake na san shirme ne."

Ba wanda ya ƙara yin dariya. Malam Gyara ya miƙa hannu da kansa ya zare babbar wayar wuta daga bango, abin da bai taɓa yi da rana ba tun da ya buɗe shagon. Rediyo goma sha huɗu suka mutu lokaci guda. Ya ninke takardunsa ya sa a aljihu.

"Ra'ayina kun ji shi har sau biyu," ya ce a wayar. "Ranar zaɓe kowa ya fito, wanda ya faɗi ya yi haƙuri, maƙwabci kuma ba a rufe masa ƙofa. Amma ni mai faɗar haka, shekara huɗu da suka wuce na ci fuskar ƙanena a gaban 'ya'yansa saboda ƙuri'a. Ban kyauta ba. Auta, ka yafe mini."

Mai gabatarwa ya tambaya ko mai walda yana nan.

"Ina nan. Batun iyaka dai ban yarda da ko kalma ɗaya ba, Yaya, kuma ba ɗan takararka zan zaɓa ba."

"Allah ya ba mai rabo sa'a."

"Amin." Auta ya yi gyaran murya. "Rediyona wata uku yana ƙugi. Gobe zan kawo."

Malam Gyara yana dariya, hawaye na sauka kan farar riga, amma doka doka ce. "Ka san fa in na gyara sai ya wuni a shago kafin in ba ka."

"Na sani, Yaya," in ji Auta. "Ka ajiye mini kujera, zan zauna in jira shi."