Awa Ɗaya ta Baba Sajo

Baba Sajo ƙanen kakata ne, wadda ta haifi uwata, don haka ina da lasisin tsokanarsa har ranar da ɗayanmu zai riga ɗaya. Ni sunana Bilyamin, ina jan Keke Napep a Potiskum. Na yi sakandare har aji biyar, daga nan ni da makaranta muka rabu cikin mutunci, ba wanda ya riƙe wani a zuci.

Shi ko aji ɗaya bai shiga ba, amma yana jin yare biyar ban da Hausa. Ubansa Bafulatani ne da shanu suka ƙare masa, uwarsa 'yar Karai-Karai ce daga wajen Nangere. Ngizim da Bole da Barbarci kuwa a kara ya tsince su, wato kasuwar shanu, inda ya shekara ashirin yana tafinta tsakanin mai saniya da mai saye. Ya ce aikin ba wuya: in ɗaya ya zagi ɗaya, sai ka fassara da "ya ce ka ƙara kaɗan".

Tun a lokacin yake da cutar rakoda. Duk ƙauyen da ake biki ko gayyar noma, sai ya hau keke da rakodarsa da batir shida, ya ɗauko kiɗan a kaset, ya rubuta sunan garin a jiki da ajami. Matarsa, Inna Gumsu, ta ce ta auri mutum ɗaya da kaset ɗari huɗu, kuma kaset ɗin sun fi ta samun wuri mai kyau a ɗaki.

Da aka buɗe wani gidan rediyo a garin nan, ba sai na kama suna ba, aka nemi wanda zai riƙa fassara sanarwar taki da rigakafi. Aka ce ga Sajo. Ya je fassara, ya ɓuge da shiri nasa na kansa, Gangar Ƙauye, kowace Laraba daga ƙarfe huɗu zuwa biyar na yamma. Laraba ce ranar kasuwa, kuma a wannan lokacin mutanen ƙauye suke kan hanyar gida, a bayan akori-kura ko a kan amalanke, rediyo rataye a wuya. Sai ya sa musu kiɗan garinsu. Tsakanin kaset da kaset ya karanta cigiya: bijimi fari mai karyayyen ƙaho, tunkiya da 'ya'ya biyu, wata tsohuwa da ta sauka a motar da ba tata ba. Sannan gaisuwa. Ba ya gaida mutum shi kaɗai. Sai ya faɗi sunan ubansa da unguwarsu, ya tambayi ƙafar da ta yi ciwo bara.

Shekara goma sha ɗaya yana wannan. Da safiyar Laraba yakan zagaya kasuwa, mutane suna cusa masa takardu a aljihu, wasu da ƙwan zabo, wasu da ƙullin gyaɗa. Ni nake kai shi gidan rediyon da ƙarfe uku da rabi, shi da jakar kaset ɗinsa, kuma bai taɓa biyana ba. In na yi magana sai ya ce, "Ja'iri, matata da kake kira amaryarka, ka taɓa saya mata ko sabulu?"

Sai man janareta ya yi tashin da kowa ya sani. Wutar lantarki kuwa a garin nan baƙuwa ce, ba ta kwana. Aka kawo sabon manaja, Almustapha, ɗan gidan wasu 'yan kasuwa na unguwar Hausari da asalinsu Kano. Yaro ne mai ladabi, har ƙasa yake gaida Baba. Shi ya fara sallamar masu shirye-shirye ɗaya bayan ɗaya, yana maye gurbinsu da kwamfuta. Waƙoƙin zamani dubu a ɗan abu kamar ƙaramin yatsa, ba ya neman albashi, ba ya zuwa jana'iza.

Ranar da ya kira Baba ofis ina tsaye bakin ƙofa, na shigo da jakar kaset.

"Baba, wallahi ba don ba na son shirin ba ne," in ji Almustapha. "Awa ɗayan nan taka ita ce mai tsoka. Masu sayar da waya suna so, masu taliya suna so, makarantun kuɗi suna so. Amma duk wanda na je wa sai ya ce, su wa ke ji? In na sa waƙar zamani na buɗe layi, kira arba'in nake samu kafin a yi talla. In na nuna musu naka, ba kira ko ɗaya."

"Ai ba a buɗe layi a nawa."

"To ko an buɗe."

"Ɗana, mutumin da zai gan ni da idonsa ranar Laraba, don me zai ƙona katinsa ya gaishe ni ta waya kamar wanda muka yi faɗa? Jiya ma wata ta aiko min da ƙwai goma sha biyu daga Dawasa."

Almustapha ya yi murmushin gajiya. "Baba, janareta ba ya shan ƙwan zabo."

Na yi dariya, ni kaɗai. Ba wanda ya taya ni.

A ƙarshe suka tsaya a kan magana ɗaya. Laraba mai zuwa wakilin wani kamfanin taliya zai zo daga Kano, zai zauna a ɗakin shirin. Za a buɗe layi. In aka samu kira goma, kamfanin zai ɗauki nauyin Gangar Ƙauye yadda take. In ba a samu ba, awar ta koma ta waƙoƙin zamani.

A hanyar gida na ce, "Tsoho, ka faɗa wa mutanenka su kira mana."

Ya ce, "In roƙe su su gaishe ni?"

To ni ba na iya zama in ga abu yana lalacewa ban sa hannu na ƙarasa shi ba. Na je tasharmu na tara 'yan Keke goma sha biyu. Na saya wa kowa kati, na raba musu garuruwa: kai daga Dawasa kake, kai daga Nangere, kai daga Mamudo. Na ce abu ne mai sauƙi, ka yi sallama, ka ce kana jin daɗin shirin, ka gaida mutum biyu, ka kashe. Har gwaji muka yi a gindin dalbejiya. Ban gaya wa Baba ba, don na san halinsa.

Ranar Laraba na sauke shi, na dawo tasha da gudu. Muka kewaye rediyon mai shayi. Ƙarfe huɗu Baba ya yi gyaran murya yadda ya saba, sau biyu, ya yi sallama da yare shida, ya sa kaset ɗin wata gayyar noma. Da ya ƙare ya ce yau an ce a buɗe waya, ga lamba ga mai so.

Modu ne ya fara, wani Babarbare da ko hanyar Dawasa bai sani ba.

"Salamu alaikum Baba, Modu ne daga Dawasa, muna jin daɗin shiri."

"Madalla, Modu. Dawasa gidan wa?"

Modu ya dube ni. Na yi masa alama da hannu ya ci gaba.

"Gidan… gidan mai gari."

"To! Ashe kai ɗan gida ne." Sai Baba ya juya harshe zuwa Karai-Karai, ya jero masa gaisuwa mai tsawo. Modu ya riƙe waya yana zufa, yana cewa "Na'am, na'am, haka ne." Daga baya na ji cewa tambayarsa aka yi sunan uwarsa.

Na biyu Babaji ne, wanda na ba Nangere. Shi ya fi kowa baki a tasha.

"Babaji na Nangere," in ji Baba. "Kana kusa da gidan Malam Barde mai gyaran rediyo?"

"Katanga ɗaya ce tsakaninmu, Baba."

"Yaya jikin nasa?"

"Ya warware sarai. Ɗazu ma muka sha fura tare."



"Ikon Allah," in ji Baba a hankali. "Ni kuwa da azumin bara na bi shi makabarta."

Mai shayi ya tuntsire da dariya har ya zubar da madara. A daidai lokacin wani ɗan banza ya danna hon a bayan Babaji, wata mata tana ihu, "Mai Keke, Hausari!" Duk garin ya ji.

Sauran goman suka mayar da wayoyinsu aljihu, da katina a ciki. Na ga ba yadda zan yi, na toshe hanci na kira da kaina. Na ce sunana Alhaji Manu daga Mamudo.

Ko gama sallama ban yi ba ya ce, "Bilyamin."

Na ce, "A'a, Alhaji Manu ne."

"Bilyamin, je ka ɗauki fasinja. Ka zo da wuri ƙarfe biyar."

Daga nan ya ce wa yaron da ke kan na'ura ya rufe layin. Ya ba mutanen Dawasa da Nangere haƙuri, ya ce yaran gari ne suke wasa, kada iyalan Malam Barde su riƙe abin a rai. Ya karanta cigiyar wata karsana ja, ya sa kaset na gaba. Muryarsa ba ta canja ba ko kaɗan, kuma wannan ya fi damuna.

Ƙarfe biyar na je. Na yi niyyar tsayawa a waje, amma jakar kaset tana da nauyi, dole na shiga. Wakilin kamfanin ya riga ya fita, ana cewa yana ta dariya har mota. Almustapha yana zaune ya dafe kai.

"Baba, me ya sa?" ya ce. "Ka ɗauka ban gane ba? Tun kiran farko na gane. Shi ma mutumin ya gane. Ko'ina haka ake yi, lamba kawai yake so ya rubuta ya kai Kano. Da ka ce na gode, Allah ya bar zumunci, ka wuce na gaba, da yanzu mun gama."

Baba yana ɗaure bakin jaka. "Mutanen Dawasa suna ji."

"Baba…"

"Suna kan mota yanzu, suna ji. In wani ya ce shi ɗan gidan mai garinsu ne na ce masa madalla na wuce, za su ce Sajo ya tsufa, ya daina sanin mutane. In na bar wani ya sha fura da mamaci, gobe wa zai kawo min cigiyar saniyarsa?"

Almustapha ya miƙe. Ya raka mu har bakin Keke, ya ɗora jakar da hannunsa, ya durƙusa ya yi sallama. Bai ce an rufe shirin ba, Baba ma bai tambaya ba.

A hanya ina jira ya zage ni. Har addu'a nake ya zage ni. Sai da muka wuce shatale-tale ya ce, "Wa ya ba Babarbare Dawasa?"

Na ce, "Ni ne."

"Ko a ƙarya ba ka da tsari."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Inna Gumsu ce ta yi min wankin babban bargo, ta ce ta sake ni saki uku, kada in ƙara kiranta amarya.

Yanzu wata bakwai ke nan. Ƙarfe huɗu na Laraba wata yarinya mai zaƙin murya ce take sa waƙoƙin soyayya, ana kira har layi yana cushewa, ana tallar taliya da waya. Ba zan yi ƙarya ba, ni ma ina ji, fasinja suna so. An ce gidan rediyon ya fara biyan albashi a kan lokaci. Kaset ɗin suna ƙarƙashin gado, Inna tana cewa kyankyasai sun samu makaranta.

Abin da ban zata ba shi ne mutanen ƙauye ba su daina kawo takardu ba. Wasu sun san an rufe shirin, wasu sun ɗauka rediyonsu ne ya lalace. Ya gaya musu gaskiya, suka ce to, suka cusa masa takardar duk da haka. Sai ya koma yadda ake yi kafin rediyo. Yakan bi kara rumfa rumfa, daga dillali zuwa direba, yana cewa in an ga bijimi kaza a gaya wa wane ɗan wane. Abin da yake gamawa a minti ɗaya da, yanzu yini yake ci, ga gwiwa ba ta da kyau. Rabin cigiyar ba ta isa ko'ina.

Ni nake bin sa da Keke, in ya gaji ya hau. Ranar kasuwa, ranar da kowane ɗan Keke yake samun na cefanen mako, ni ina yawo da tsoho ɗaya da aljihu cike da takardu. Na gaya masa wannan zalunci ne. Ya ce in kai ƙara Mamudo wajen Alhaji Manu.

Larabar da ta wuce mun fito daga kara, rana ta yi sanyi, ƙafafunsa sun kumbura. Ya zauna a baya ya jingina kai da ƙarfe, ido a rufe. Na ɗauka barci yake. Sai na ji ya yi gyaran murya, sau biyu. Na duba waya, ƙarfe huɗu daidai.

Na jira in ji ko zai ce wani abu. Ya buɗe ido, ya dubi titi.

"Mu je gida," ya ce. "Ka bi a hankali wajen ramin nan, akwai ƙwai a aljihuna."