Limamin da Ya Ƙi Hantar Ragon Suna

Shekara talatin da bakwai ke nan da rasuwar kawuna, Malam Sahabi, limamin masallacin unguwarmu a Argungu, tun muna ƙarƙashin jihar Sakkwato.

Liman a wancan zamani ba ya sayen nama. Duk sunan da aka raɗa, hanta da ƙoda nasa ne, ga tsire har gida. Ana haka babban yatsan ƙafar Kawu ya fara kumbura, ya yi jajir, ko zane ya taɓa shi sai Kawu ya yi salati. Sujada ta gagara. Dattawa suka fara ƙus-ƙus a ba wani limanci, tunda shi a zaune yake salla.

Likita a Birnin Kebbi ya ce wani gishiri ne ke taruwa a jini, ya daskare a gaɓa kamar tsakin yashi, kuma kayan ciki da jan nama ke ƙara shi. Ya ba shi magani, ya ce ya yawaita shan ruwa, ya bar hanta.

To, nan fa ake yin ta. Liman ya mayar da kason suna? Wani maigida ya yi fushi, wai an ɗauki ragonsa haram ne. Mu ma a gida mun ji haushi, ba zan ɓoye ba, don mu ke cinye ragowar.

Wata rana bayan la'asar Kawu ya juyo, ya miƙe ƙafar a gaban sahu, abin da dattijo ba ya yi. Ya ce, “Jama'a, ku dubi wagga ƙafa. Ba namanku nika ƙi ba, salla nika so in ja muku tsaye. Ku kai rabona gidan da babu.” Wallahi ban taɓa alfahari da mutum kamar ranar ba.

Ya koma tuwon shinkafa da miyar zogale, da butar ruwa kullum a gefensa. Ciwon yakan leƙo, amma ya yi sauƙi ƙwarai.

Yau ina ganin magidanta a Birnin Kebbi suna ɗingishi, ga balangu a hannu, ga lemon kwalba, an ce musu su rage sun ce ai rai na Allah ne. Da Kawu na nan, na san dariya zai yi, ya tambaye su wa ya ba su amanar ƙafar.

Bai bar gona mai yawa ba, bai bar gidan bulo ba. Amma limancin bai fita hannunsa ba. Ranar da ya rasu, shi ya ja mu asuba, kuma a tsaye ya ja ta. Allah Ya kai haske kabarinsa.