Ranar da masu lamba suka zo, a rumbu na ɓoye 'yata

Malam Edita, ni tsohuwa ce, sai da na yi jikoki na koyi riƙe fensir. In ka ga rubutun ya karkace ka gyara, amma maganar kar ka taɓa ta.

Zamanin Turawa ne, ina matar aure a wata unguwar Maguzawa tsakanin Makarfi da Ikara. Noma nake yi, ina dafa giya ranar kasuwa, kuma ni mai wabi ce. 'Ya'ya huɗu na binne tun ba a yaye su ba. Ta biyar da aka haifa, uwar mijina ta kai ta juji ta ajiye, wai don mutuwa ta zaci ba mai son ta, sannan aka ɗauko ta. Ita ce ta tsaya, har ta fara famfara. Amma ko tari yarinyar nan ta yi, sai in ce ita ma tafiya za ta yi.

Ana nan sai wani malamin bishara ya zo mana daga kudancin Zazzau, shi da matarsa. Waƙoƙinsu ne suka fara ja na, daga baya ni da maigida muka ba da gaskiya, aka yi mana baftisma a rafi, na kife tukunyar giya. Wata Lahadi Malam ya karanta cewa masu bi an buga musu hatimi. Da ya ga mun yi zuru, sai ya ce hatimi ai lamba ke nan, duk wanda ke da lambar Yesu, mutuwa ba ta da iko a kansa. To mu a wurinmu lamba ɗaya ce, wadda mutanen En'e, wato hukuma, ke tsaga wa mutum a dantse saboda agana. Tsoronta muke ji kuwa, don hannu kan kumbura ya yi gyambo. Na ce a raina, ashe ga wadda ba tsagawa, ba kumburi. Ban tambayi kowa ba. Aka tashi sujada na ja yarinya gaban Malam, ya ɗora mata hannu a ka ya yi addu'a, ni kuma na ce shi ke nan, an yi mata.

Da rani masu lamba suka iso da dogari, mai unguwa ya ce a fito da yara. Maigida ya kai dawa kasuwar Hunkuyi, ba ya nan. Na cusa yarinyar a rumbu na rufe, na ce wa dogari 'ya'yana duk suna ƙasa, in yana so ya je bayan gida ya ƙirga. Bawan Allah har haƙuri ya ba ni. Da yamma a bakin rijiya ina yi wa mata dariya, 'ya'yansu na kuka da hannu a kumbure.

Kafin ruwan fari agana ta shigo unguwa. Yarinyata ta kwanta da zazzaɓi da ciwon baya, sai ƙuraje suka feso, fuska, tafin hannu, har cikin baki. Aka yi mana bukka a bayan gari, ni da ita, tunda ni na yi tawa aganar ina ƙarama. Idanunta suka kumbura suka rufe. Zane ya riƙa manne mata a jiki, in na ɗaga sai ya taho da fata. Ruwa ma da tsinken kara nake ɗiga mata. Uwar mijina takan tsaya daga nesa ta ɗaga murya, wai ina lambar da nake fankama da ita, ko Yesun namu bai san hanyar ƙauye ba ne. Ta ce ita ta ceci yarinyar nan a juji, ni kuma na zo na kashe ta da waƙa. Ta kawo baƙar akuya ta ɗaure a gindin kirya, ta ce in yarda a yanka wa masu daji, wato iskoki, tun yarinya na numfashi. Maigida yana tsaye a bayanta, ya kasa kallon kowa.

Tsoro biyu ke cina. Na farko a bayyane yake. Na biyu ban faɗa wa kowa ba. Kowa ya san lamba in ba ta kumbura ba, ba ta kama ba. Sai na ce tawa ce ba ta kama ba, shi ya sa ta yarinya ma ta ƙi. Giyar da na dafa shekara da shekaru, ƙaryar da na yi wa dogari, na ce Yesu ya duba ya ga ba zan yi ba, ya bar ni. Ko addu'a na kasa yi. Wata rana da hantsi numfashinta ya fara sarƙewa, na fita na kama igiyar akuyar nan da hannuna.

A haka matar Malam ta same ni, da ƙwaryar kunu a ka. Na daka mata tsawa kar ta matso, ta wuce ni ta shiga bukka. Da ta fito ta janye mayafi ta nuna min tabo a dantsenta, ta ce ai ita da Malam su ne a gaban layi ranar da masu lamba suka zo. Na ce to mijinki maƙaryaci ne, na maimaita mata abin da ya faɗa. Ta ɗora hannu a ka, ta ce wayyo Yaya, ashe haka kika ji shi. Ta zaunar da ni a ƙasa ta taɓa tsagar da ke kumatuna, ta tambaye ni ko ta taɓa hana ni zazzaɓi. Na ce a'a. Ta ce amma in kin ɓata a kasuwa, wanda ya gan ta ya san gidan da zai mai da ke. Lambar Yesu ke nan, ko a raye ko a mace, an san mai ke. Kuma ba ta ƙin kamawa, don ba da kirkinki aka yi ta ba, da jininsa aka yi.

Na saki igiyar. Na koma bukka na durƙusa, na ce Ubangiji taka ce, ni ma taka ce, in ka ɗauke ta na san inda take, amma ina roƙon ka ka bar min. Ban iya wata addu'a mai tsari ba. Matar Malam ta riƙa zuwa kullum muna juya ta tare, har ƙurajen suka fara bushewa. Da kumburin ya saɓe, idon dama ya buɗe, na hagu ya yi fari fat. Malam ya zo da kansa yana hawaye yana neman gafara. Na ce masa Hausarka ba ta da kyau, Malam, amma kunnena ya fi ta lalacewa.

Ina yabon Allah da ya cece ni ban san ma mene ne ceton ba. Na zo wurinsa kamar mai zuwa wurin boka neman maganin wabi, bai kore ni ba. Ya yafe min, ya bar min 'yata, ya cire min tsoron ranar da za a sa ni a ƙasa.

Ku kuma mata, in kun ji magana a coci ba ku gane ba, ku tsare malamin a bakin ƙofa ku tambaya, kunya ba za ta kashe ku ba. In masu allura sun zo, ku fito da yaranku, shi ma wannan Allah ne ya aiko. Ni girman kai na yi, yarinya ta biya da ido. Yanzu ita ma ta yi furfura, ta san labarin nan duka, ba ta taɓa goranta min ba. Amma in na kira ta daga hagu, sai ta juyo da kai gaba ɗaya kafin ta gan ni.