Tsohon Da Na Taka Wa A Bakin Tafkin Bagdadiyya

Jama'a, wannan abin ba ji na yi a bakin wani ba, a kaina ya faru, kuma wallahi ba zan ƙara masa gishiri ba. Lokacin ina shekara ta shida a Jidda, ina tuƙa iyalin kafilina, wato ubangidana, a unguwar Safa, ɗakina kuma yana Bani Malik. Zaman mota da shayi mai kauri da shinkafa dare da rana suka taru suka haɗa mini ciwon suga, likita ya ce in zaɓa, ko motsa jiki ko allura. Ni kuwa gara a mare ni da a nuna mini allura, sai na sayi keke na hannu.

Abokin hawana Usman ne, haifaffen Jidda, jikan mutanenmu da suka zo hajji a ƙafa suka zauna, Hausarsa rabi duk Larabci ce. Kowace Juma'a muna idar da Asuba sai mu bi gefen babbar magudanar ruwan ambaliya a hankali muna hira, mu gangara Bagdadiyya inda teku ya kutso cikin gari ya yi tafki, mu zagaya lambunan bakin ruwan, mu ci wake da gurasa, mu koma gida kafin rana ta buɗe ido.

Ran da abin zai faru na sha maganina ban sa komai a ciki ba, ina ganin ai sa'a ɗaya ce mu isa wurin mai wake. Dabinon da nake riƙewa saboda irin haka kuwa yana jakar Usman. Muna isa bakin tafkin sarƙar kekensa ta zame, ya ce, “Yalla, ka wuce ya akhi, ina bayanka.”

Ban yi nisa ba na ga wani tsoho tsaye kusa da wani shuɗin benci, da sanda da gora, rigarsa saƙi irin wadda rabona da ganinta tun a akwatin kakana. Na yi sallama, ya amsa da Hausa tsantsa, ya ce, “Ɗan nan, ayari ya bar ni. Ina hanyar Makka?”

Na nuna masa gabas. Da nan na tsaya da shi ke nan, amma bakina ya riga ni, na sauko daga keke na ce, “Baba, bari in taka maka.” Kun dai san yadda aka tashe mu, in ka ɗauki rakiyar babba ba kai ke cewa ta isa ba, sai shi ya juyo ya ce ka koma haka nan. To ni wannan kalmar na yi ta jira.

Ya dafa kafaɗata ta hagu, hannun nan sanyi ƙalau kuma jiƙe, muka kama tafiya ina tura keke, sandarsa tana ƙwas, ƙwas a kan daɓe. Maimakon ya yi gabas sai ya bi bakin ruwa, tafkin yana hagunmu. Can sai ga shuɗin bencin nan a gabanmu. Na ce a raina benci ai da yawa suke. Muka ƙara gaba, sai ga shi kuma, har da wata kyanwa da na gani ɗazu kwance a ƙarƙashinsa, nan fa gabana ya faɗi.

Rana ta ɗaga, gumi ya fara keto mini, hannuna yana rawa a kan keke, kuma na san wannan rawar, sugana ne yake sauka, in ban sa wani abu a baki ba faɗuwa zan yi, wataƙila ba tashi. Masu gudu don motsa jiki suna wuce mu ko kallo babu. Wayata tana ta ruri a aljihu, hannuna ya ƙi zuwa wurin. Na tuna matata da 'ya'yana uku a Gusau, na ce yanzu haka za a kira su a ce an tsinci gawata a lambu kusa da keke? Tsoro ya kama ni, haushin kaina ma ya kama ni, wai kunyar tsoho za ta kashe ni da raina.

Da ƙyar na ce, “Baba, ka yafe mini, ƙafata ta ƙare.”

Bai ko dube ni ba ya ce, “Yi haƙuri, saura kaɗan mu cika bakwai.”

Inna lillahi! Yadda na ja ƙafar nan Allah kaɗai ya sani. Muna isa bencin ya tsaya, ya sauke numfashi, ya ce, “Alhamdu lillahi. Tun da jirginmu ya kife muna hango garin nan, ba wanda ya taka mini sai kai. Koma haka nan, ɗana. Ran da taka tafiyar ta tashi, ni ma zan taka maka.”

Abin da na sani bayan nan, Usman ne durƙushe a kaina yana cusa mini dabino a baki, ana kiran sallar Juma'a. Yana kuka yana faɗa: “Wallahi ya akhi, tun safe ina dawwara, ina zagaya tafkin nan a keke, mafi, babu kai babu kekenka! Yanzu yanzu na gan ka a nan!”

Likita ya ce in suga ya sauka mutum yana gane-gane, na ce to. Amma wayata tana zana duk hanyar da na bi, kuma zobe bakwai ta zana a bakin tafkin nan. Rigata kuma da ta bushe, farin gishiri ya fito a kafaɗar hagu, yatsu biyar reras. Na nuna wa kakar Usman, ta daɗe tana kallo, ta ce in yi sadaka kawai, ta tashi ta shige ɗaki.

Keken na kyautar da shi. Bara ciwon ya kayar da ni aka kwantar da ni asibiti, da tsakar rana ina kwance na ji sanda ƙwas, ƙwas tana tahowa a baranda, ta zo daidai ƙofata ta tsaya. Ta jima, sannan ta wuce.

Don haka 'yan'uwa, ban ce ku daina girmama manya ba, amma in za ku yi wa wanda ba ku sani ba rakiya, ku faɗi iyakarku tun kafin ku ɗaga ƙafa, ku ce daga nan zuwa bishiyar can. Ni ban faɗa ba, ga shi har yau ko sandar makaho na ji a bayana ba na iya waiwayawa.