Ɗakin Girkin Malama Goge-Goge

Yayata malamar sakandare ce, darasin kula da gida take koyarwa: girki, ɗinki, guga, wankan jariri, da yadda mutum zai zauna a ɗaki bai mai da shi juji ba. Ɗalibanta suna ce mata Malama Goge-Goge a bayan idonta. Ta sani sarai. Ta ce sunan bai dame ta ba, in dai za su goge.

Tun muna yara haka take. Inna ta ce ranar da Yaya ta fara tafiya, tsumma ta nufa. Wannan ban gani ba, ba a haife ni ba, amma na ga saura. Ɗaki ɗaya muka kwana har ta yi aure, kuma ban taɓa samun takalmina inda na cire shi ba.

Da ta gama kwalejin horon malamai aka tura ta wata makaranta ta maza da mata a bakin gari, aka nuna mata ɗakin ƙarshen baranda inda ake jibge karyayyun kujeru, aka ce ga ɗakin aikinta. Ta fitar da kujerun, ta sallami ɓeraye. Daga nan ta sa shugabannin makarantar a gaba, ɗaya bayan ɗaya, da naci irin nata, har aka ja mata famfo, aka kawo murhun gas, kekunan ɗinki, teburin guga, da wata 'yar tsana ta roba mai ido ɗaya da ake koyon wanka da ita. Mijinta direban motar asibiti ne, bawan Allah mai haƙuri. Ya taɓa ce min ɗakin nan shi ne babban ɗansu, sauran yaran ƙannensa ne. Bai yi dariya ba da ya faɗa, ni ma ban yi ba.

A wurin Yaya, sauke tukunya ba shi ne ƙarshen darasi ba, tsakiyarsa ke nan. Yaro zai soya ƙwai, ya kawo mata a faranti yana washe baki, ita kuwa ta ture farantin gefe ta ce a miƙo kaskon. Sai ta juya gindinsa ta duba tukuna kafin ta ɗanɗana komai. Samari ƙarti, wasu har da gemu, ka gan su durƙushe da soson ƙarfe suna dirzar tukunya ana kaɗa ƙararrawar tashi. Dokarta ɗaya ce: a bar ɗakin yadda wanda ya shigo ba zai san an shiga ba. Iyaye da yawa sun zo yi mata godiya. Wata ma ta zo ƙorafi, wai ɗanta ya fara duba mata gindin tukwane.

Ni na fahimci matar nan. Ina da yara biyar, ina wuni a shagon sayar da takalma, na dawo liƙis, sai ga Yaya ta zo ziyara. Kafin ta tambayi lafiyar yara ta shige kicin, ta ɗaga tukunyata da yatsu biyu, ta kalle ta, ta kalle ni, ta ajiye. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Ina son Yaya, Allah ya sani, amma akwai ranakun da na ji sallamarta na yi lamo kamar ba na nan.

Ana nan sai aka yi wa makarantarsu kyautar kwamfutoci, babu ɗakin da za a sa su. Hukuma ta ce za ta turo kwamiti ya duba ɗakunan aikin hannu, wanda aka ga ba a cika amfani da shi ba shi za a karɓa. Ɗakin kafinta ne, da na kimiyya, da na Yaya. Malamin da ya rasa nasa zai koma koyarwa da alli da allo.

Malamin kafinta tsohon hannu ne, tun daga ranar ya hana a share ɗakinsa, har garin katako ya kai idon sawu. Na kimiyya ya ƙona wani abu mai wari, ya rufe tagogi. Yaya kuwa ta ji an ce baƙi za su zo, sai ta yi abin da take yi in baƙi za su zo. Aka wanke bango, aka sakace ramukan murhu da tsinke, aka goge labule, 'yar tsanar ma aka yi mata wanka aka ɗinka mata sabuwar riga.

Kwamiti ya zo. Shugabansu wani mai tabarau ne, ya ɗaga tukunya ya ga fuskarsa a ciki. Ya buɗe tanda ya sa hanci, ya ji ƙanshin sabulu. Ya tambaye ta ko ana amfani da ɗakin kuwa, ta ce kowane mako, aji bayan aji. Ya ce shi ma akwai kicin a gidansa, ya san kamannin tukunyar da ake ɗora wa wuta. Yaya ta biyo ta gidana ranar tana ta murna, ta ce min mutanen sun kasa cewa komai saboda mamaki.

Bayan 'yan kwanaki shugaban makaranta ya kira ta ofis ya gaya mata nata ɗakin aka zaɓa. Ban taɓa jin Yaya ta roƙi mutum ba, amma ranar ta roƙa, har ya samo mata alfarma kwamitin ya sake zuwa sau ɗaya. Ta ce to za ta sa yara su yi girki a gabansu. Ya ce mata kowa ya iya kunna wuta ranar da baƙi suka zo, su tsohuwar alama suke nema: baƙi, maiƙo, tabo.

Ta koma ta birkice ɗakin kaf tana neman tukunya ɗaya mai ƙauri. Babu. Shekara da shekaru ana girki a ɗakin, ko cokali mai tabo bai tsira ba.

Da yamma sai ga ta a gidana. Wannan karon ta zauna, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, har da sakamakon jarrabawarsu. Sannan ta kalli ƙasa.

"Ƙanwata, ara min tukunyarki."

"Wacce, Yaya?"

"Kin san wacce."

Wallahi na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na ɗauko mata baƙar tukunyar, na haɗa da kaskon suya wanda ni kaina kunyarsa nake ji, na ce kyauta ce ta makaranta. Amma da na ga yadda take cusa su a leda kanta a sunkuye, daɗin ya gudu. Na ce mata ta tabbata ta gaya wa ɗaliban abin da ake ciki. Ta ce ba za ta iya tsayawa gaban yaran da take koyarwa ta ce musu a bar datti don a burge baƙi ba. Ita kaɗai za ta yi abinta.

Abin da ya biyo baya ita ta ba ni labari. Da sassafe ta shiga ɗakin, ta ɗora tukunyata a murhu, ta sa kaskon a gefe, ta ɗiga mai a kan tayil, ta jefa jiƙaƙƙen tsumma a bakin famfo, ta fito da sauri. Ta ba monita makulli kamar kullum, ta ce su shiga su zauna su jira ta. Ta tafi ofis jiran kwamiti, kwamiti kuma ya makara.

Yara suka shiga suka ga abin da ba su taɓa gani ba a ɗakin Malama. Suka ɗauka wani ajin ne ya yi ta'asa, ga baƙi na tafe, kuma Malama za ta ji kunya. Ba wanda ya sa su. Suka raba aiki, maza suka kama tukunya da kasko, mata suka bi tayil. Wani yaro har ya yanke a yatsa yana kankare baƙin da na yi shekaru ina tarawa.

Da ta buɗe ƙofa, mai tabarau na bayanta, ɗakin yana ƙyalli. Yara sun jeru, hannu a baya, gumi na zuba, suna kallon fuskarta suna jira. Ta tsaya. Sannan ta taka zuwa murhu, ta ɗaga tukunyata, ta juya gindin, ta duba shi da kyau.

Ta ce, "Madalla. Kun yi aiki."

Kwamitin bai ma zauna ba.

Ranar da ta dawo min da kayana, da kyar na gane su. Raina ya ɓaci, na yi ta faɗa, na ce ai sai ta buɗe baki ta yi wa mutanen bayani, ko ta ce wa yaran sun yi mata ɓarna. Ta bar ni na gama.

"To me zan ce musu? Daidai suka yi. Ni na koya musu."

Tun rasuwar Inna ban ga hawayen Yaya ba sai ranar. Na zauna kusa da ita.

An kwashe murhun da kekunan an kai sito, an sa wa ɗakin ƙofar ƙarfe saboda kwamfutocin. Mako na gaba ta shiga aji da alli, darasin tafasa madara. Ta zana murhu a allo, ta zana tukunya a kai, ta yi wutar da jan alli. Sannan ta juyo ta ce kowa ya naɗe hannun rigarsa.